Gidan Da Dawuda Bai Gina Ba

Karatu: 2 Sama'ila 7:1-29

Akwai wata irin kunya da takan kama mutumin kirki sa'ad da Allah ya ɗaukaka shi, ita ce kuwa ta kama Sarki Dawuda wata rana a fadarsa ta Urushalima. Yana da shekara 30 ya hau gadon sarauta a Hebron, inda ya yi shekara 7 da wata 6 yana mulkin kabilar Yahuza kaɗai. Daga baya dattawan Isra'ila duka suka zo suka naɗa shi, ya ƙwace kagarar Sihiyona daga hannun Yebusiyawa, ya mai da ita babban birninsa, wajen shekara 1000 kafin haihuwar Almasihu. Hiram, sarkin Taya, ya aiko masa da katakon al'ul da masassaƙa da magina, suka gina masa fada. Filistiyawa sun sha kashi a hannunsa har sau biyu a kwarin Refayawa. Akwatin Alkawari kuma, wanda ya daɗe a gidan Abinadab a Kiriyat-yeyarim, an shigo da shi birni da kiɗa da rawa da hadayu. Amma a cikin alfarwa aka ajiye shi. Sarki yana kwana cikin ƙamshin al'ul, akwatin Ubangiji kuwa yana bayan labule. Wannan shi ne abin da ya hana Dawuda sakat, har ya kira annabi Natan ya faɗa masa.

Natan bai ɓata lokaci ba. Ya ce wa sarki ya tafi ya aikata abin da ke zuciyarsa, gama Ubangiji yana tare da shi. Ba a cika ganin laifinsa ba. Duk faston da ya taɓa zama a gaban wani mai hali da ya zo da niyyar gina majami'a ya san yadda baki yake saurin cewa amin, tun zuciya ba ta nemi nufin Allah ba. Niyyar mai kyau ce, mai niyyar mutumin Allah ne, dukiya kuma akwai. Me ya rage? Abin da ya rage shi ne maganar Mai gidan. A daren nan kuwa maganar ta zo wa Natan, ta saɓa da abin da ya faɗa da rana. Annabin nan ya cancanci yabo domin bai tsaya kare martabarsa ba. Ya koma gaban sarki ya warware maganar da ya yi jiya, ya isar da saƙon duka yadda aka ba shi, bai rage kome ba. Bawan Allah da ba ya iya cewa ya yi kuskure jiya, da wuya a amince da abin da zai faɗa gobe.

Saƙon ya fara da tambaya: ko Dawuda ne zai gina wa Ubangiji wurin zama? Allah ya tuna masa cewa tun ran da ya fito da Isra'ilawa daga Masar bai taɓa zama cikin gini ba, yana ta tafiya tare da su a alfarwa, kuma bai taɓa tuhumar ko ɗaya daga cikin shugabannin jama'a a kan rashin gina masa gidan al'ul ba. A ƙasashen da ke kewaye da Isra'ila a wancan zamani, al'ada ce sabon sarki ya gina wa gunkinsa haikali, domin gunkin ya sāka masa da tsawon rai da ƙarfin mulki. Ciniki ne, ba ni gishiri in ba ka manda. Allahn Isra'ila ya ƙi shiga wannan ciniki. Sai ya shiga lissafa wa Dawuda abin da shi ya yi: shi ya ɗauko shi daga makiyaya, daga bin tumaki; shi ya bi shi duk inda ya tafi; shi ya kawar da maƙiyansa. Sa'an nan ya juya ga abin da zai yi nan gaba: zai ɗaukaka sunansa, ya dasa jama'arsa a wurin da ba mai tayar da su, ya ba shi hutawa. Wanda ya karanta ayoyi 8 zuwa 16 a natse zai lura cewa kusan dukan ayyukan da aka ambata Allah ne mai yin su. Dawuda ya shigo da hannu cike da kyauta, aka ce ya ajiye ya buɗe tafinsa.

Kalma ɗaya, ma'ana biyu

Ƙashin bayan surar yana cikin aya ta 11, inda Natan ya shaida wa sarki cewa Ubangiji ne zai kafa masa gida. A nan mai jin Hausa ya fi masu jin waɗansu harsuna sa'a, domin abin da Ibrananci ya yi da kalmar "bayit" shi ne daidai abin da Hausa take yi da kalmar "gida". Kalmar 'yar'uwar "baiti" ce ta Larabci, wadda ake ji a cikin baitulmali, ita ce kuma a farkon sunan Baitalami. Tana nufin gini, tana kuma nufin zuriya. In an ce akwai gidajen sarauta huɗu a Zazzau, wato Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, ba wanda zai tafi ƙirga soraye; an san zancen jini ake yi. Dawuda ya nufi gida na dutse da katako. Allah ya karɓi kalmar daga bakinsa, ya mayar masa da ita da ɗaya ma'anar: gida na 'ya'ya da jikoki, gadon sarautar da ba zai gushe ba.

Ga abin da aka yi masa alkawari. Bayan ya rasu, Allah zai ta da ɗa daga cikinsa, ya kafa mulkinsa. Wannan ɗa ne zai gina gida domin sunan Ubangiji. Allah zai zama uba a gare shi, shi kuma ya zama ɗa. In ya yi laifi za a hore shi da sanda irin ta mutane, amma ba za a janye masa madawwamiyar ƙauna ba yadda aka janye ta daga Saul. Kuma sau uku a cikin ayoyi 13 da 16 aka ɗaura wa alkawarin kalmar "har abada". Abin mamaki, ita kanta kalmar alkawari ba ta fito a cikin wannan sura ba. Dawuda ne da bakinsa, a maganarsa ta ƙarshe cikin 2 Sama'ila 23:5, ya kira shi madawwamin alkawari, haka kuma Zabura 89 da Irmiya 33 suka kira shi. Ɗan jikansa Abaija ma, a 2 Tarihi 13:5, ya kira shi alkawarin gishiri, wato wanda ba ya ruɓewa.

Littafin Tarihi ya ƙara dalilin da Sama'ila bai ambata ba: an hana Dawuda ginin ne domin ya zubar da jini da yawa a yaƙe-yaƙe (1 Tarihi 22:8). Ko da yake yaƙe-yaƙen na kare jama'ar Allah ne, Ubangiji ya ga ya dace hannun da bai riƙe takobi ba ya aza tubalin gidansa. Wannan aya ta isa a yi wa'azinta ita kaɗai a zamanin da zuciyar matasan ikkilisiya da yawa take tafasa da ramuwa.

Yaya sarkin ya karɓi hani? Nassi ya ce ya shiga ya zauna a gaban Ubangiji. Bai yi fushi ya janye baikonsa ba, kamar yadda wani yakan yi in kwamitin gini bai bi shawararsa ba. Ya tambaya ko shi wane ne, gidansa kuma mene ne, da har aka kawo shi wannan matsayi. Daga nan addu'arsa ta koma roƙo guda: Ubangiji ya aikata yadda ya faɗa. Bai roƙi sabon abu ba, maganar da aka ba shi ita ya miƙa wa wanda ya ba shi. Sauran shekarunsa kuwa ya yi su yana tara zinariya da azurfa da tagulla da ƙarfe da katako domin ginin da ya san idonsa ba zai gani ba, har ya ƙara da talanti 3,000 na zinariya da talanti 7,000 na azurfa daga dukiyar kansa (1 Tarihi 29:4).

Sandan da fitilar

Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Wanda ya ɗauki wannan kaya shi ne Allah, ba a kuwa jima ba nauyinsa ya bayyana. Sura huɗu kacal bayan alkawarin, Dawuda ya ɗauki Batsheba matar Uriya Bahitte, ya sa aka jefa mijin a bakin dāga ya mutu. Natan ɗin nan da ya kawo albishir shi aka sāke aikowa, da misalin matalauci mai 'yar tunkiya guda. Hukuncin da ya sanar ya ɗauko kalmar nan ta sura 7 ya soka wa sarki: takobi ba zai rabu da gidansa ba. Haka aka yi. Jaririn ya mutu. Amnon ya ɓata ƙanwarsa Tamar, Absalom ya kashe Amnon, ya tayar wa ubansa, ya mutu a rataye a reshen itace. Adonija ya nemi sarauta ya rasa ransa. An gafarta wa Dawuda, amma gafarar ba ta share sakamakon ba. Wanda yake zaton alkawarin alheri lasin ne na yin abin da aka ga dama, bai karanta rabin littafin na biyu ba.

Sulemanu ya gina Haikali cikin shekara 7, ya kuma gina fadarsa cikin shekara 13. Marubucin Sarakuna ya ajiye lissafin biyu kusa da juna, ya bar mai karatu ya auna. Matansa 700 da ƙwaraƙwarai 300 suka karkatar da zuciyarsa ga gumaka. Bayan mutuwarsa, wajen shekara ta 930 kafin haihuwar Almasihu, mulkin ya tsage biyu, kabilai goma suka bi Yerobowam. Amma ba a ƙwace duka ba. Littafin Sarakuna ya yi ta maimaita dalili ɗaya: saboda Dawuda, domin a bar masa fitila a Urushalima. Bambancin da ke tsakanin masarautun biyu ya isa abin lura. Ta arewa ta ga gidajen sarauta tara cikin shekara wajen 200, mafi yawansu ta hanyar juyin mulki da kisan gilla, har Assuriyawa suka share ta a shekara ta 722. Ta kudu kuwa gida ɗaya ne ya riƙe ta fiye da shekara 400 in an haɗa da zamanin Dawuda da Sulemanu, ko da yake cikin sarakunan akwai irin su Ahaz da Manassa da suka ƙona 'ya'yansu hadaya.

Sau ɗaya fitilar ta kusa mutuwa sarai. Ataliya, 'yar gidan Ahab, da ta ga ɗanta Ahaziya ya mutu, sai ta tashi ta hallaka dukan 'ya'yan sarauta. Wata mace mai suna Yehosheba ta sace jariri Yowash da mai renonsa, ta ɓoye shi a Haikali shekara 6, har firist Yehoyada ya fito da shi yana ɗan shekara 7 aka naɗa shi (2 Sarakuna 11). A waɗannan shekaru shida, dukan abin da aka faɗa wa Dawuda, da dukan begen da ikkilisiya take raira waƙarsa a yau, yana rataye ne a numfashin yaro guda da amanar mace guda. Zumuntar mata ta cancanci ta riƙe sunan Yehosheba fiye da yadda aka saba.

Ko duwatsu ma sun ba da shaida. A shekarar 1993 masu haƙar kayan tarihi ƙarƙashin Avraham Biran suka tono wani ɓallin dutse a Tel Dan, a arewacin Isra'ila, aka kuma sami waɗansu ɓalle-ɓallensa a 1994. Rubutun da ke jiki na harshen Aramiya ne, na ƙarni na 9 kafin haihuwar Almasihu, wani sarkin Suriya ne yake fahariyar nasararsa, a ciki kuwa ya ambaci masarautar Yahuza da sunan gidan Dawuda. Abokin gāba ne ya sassaƙa, amma kalmar Natan ya yi amfani da ita.

Sai dai alkawari mai ƙarfi yakan zama tarko ga zuciya mai taurin kai. Bayan Allah ya kuɓutar da Urushalima daga hannun Sennakerib a shekara ta 701, mutanen birnin suka ɗauka cewa ba abin da zai taɓa su, kome suka yi. Suka mai da Haikali laya. Irmiya ya tsaya a ƙofarsa ya gargaɗe su kada su dogara ga gini alhali suna zaluntar baƙo da maraya da gwauruwa, ya ce su tafi su ga kufan Shilo (Irmiya 7). Suka nemi kashe shi. Sun riƙe "har abada" sun manta da sanda. Amma Nassi bai ɓoye sharaɗin ba: Zabura 132:12 da 1 Sarakuna 9 sun nuna cewa zaman kowane sarki a kan gadon ya rataya ga biyayyarsa. Abin da ba shi da sharaɗi shi ne ƙarshen maganar, wato cewa Allah ba zai yar da zuriyar ba. Sarki goma, zamani goma. Kowannensu yana iya fāɗuwa, gidan ne ba zai shuɗe ba.

A shekara ta 597 Nebukadnezzar ya kwashe Sarki Yekoniya, wanda ake kira Yehoyakin, zuwa Babila bayan mulkin wata 3 kawai. A ta 586 aka fasa garun birni. Aka kama Zadakiya a filayen Yariko, aka kai shi Ribla, aka yanka 'ya'yansa a gabansa, sa'an nan aka ƙwaƙule masa idanu, domin abin da ya gani na ƙarshe a duniya ya zama ƙarewar gidansa. Aka ƙone Haikalin da Dawuda ya tara wa dukiya. Gidajen biyu, na dutse da na jini, suka zama toka a shekara guda.

A nan ne Zabura 89 take da daraja da ba ta misaltuwa. Aya 37 na farko yabo ne, Etan yana jera alkawuran ɗaya bayan ɗaya, yana kiran rana da wata su zama shaidu. A aya ta 38 murya ta sāke. Ya dubi Allah ya ce masa ya yar da shafaffensa, ya wofinta alkawarin bawansa, ya jefar da kambinsa a ƙasa, ya tambaye shi ina ƙaunar nan ta dā da ya rantse wa Dawuda. Ba a ba shi amsa a cikin zaburar ba. Ruhu Mai Tsarki kuwa bai share waɗannan ayoyi daga Littafi ba, ya bar su a matsayin addu'a. Masu bi a wannan ƙasa ba baƙi ba ne ga irin wannan kuka. A watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, suka mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi, shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci, dubban iyalai suka watsu cikin duwatsu da sansanonin gudun hijira, majami'un da aka gina da kuɗin gyaɗa da dawa suka zama kango. Dattijon da ya tsaya a kan tokar majami'arsa ya tambayi Allah ina alkawarinsa bai yi saɓo ba. Yana cikin sahun Etan. Kuskuren da masu ta'aziyya sukan yi shi ne gaggawar rufe masa baki da aya, alhali Littafin da suka ɗauko ayar a ciki ya ba shi izinin yin kukan, muddin ga Allah yake kai shi.

Littafin Sarakuna ya rufe da ɗan ƙaramin labari da mai gaggawa zai tsallake. A shekara ta 37 ta bautar Yekoniya, sabon sarkin Babila, Ewil-merodak, ya fito da shi daga kurkuku, ya sāke masa tufafi, ya ba shi wurin zama a teburinsa. An sami allunan yumɓu a kufan Babila, waɗanda aka buga fassararsu a 1939, masu ɗauke da lissafin man da ake ba sarkin Yahuza da 'ya'yansa 5. Fitilar ta koma kamar garwashi a ƙarƙashin toka, amma ba ta mutu ba. Jikan Yekoniya, Zarubabel, shi ya shugabanci sāke gina Haikali, aka gama wajen shekara ta 516. Gwamna ne a ƙarƙashin Farisa, bai taɓa ɗaura rawanin sarauta ba. Bayansa shiru. Farisawa suka wuce, Helenawa suka zo. Makabiyawa da suka yi sarauta daga zuriyar firistoci suke, Hirudus kuwa mutumin Edom ne. Fiye da shekara 500 ba ɗan Dawuda a kan gado. Abin da jama'a suka riƙe shi ne maganar annabawa: toho daga kututturen Yesse a bakin Ishaya, mai mulki daga Baitalami a bakin Mika, makiyayi ɗaya a bakin Ezekiyel, da bukkar Dawuda da ta fāɗi wadda Amos ya ce za a tā da ita.

Ɗan Dawuda

Wanda ya san wannan dogon jira ne zai ji nauyin ayar farko ta Sabon Alkawari, inda Matiyu ya gabatar da Yesu Almasihu a matsayin ɗan Dawuda tun kafin ya ambaci Ibrahim. Jerin sunayen da ke biye, wanda masu karatun safiya sukan tsallake, ya kasa shi kashi uku, kowanne tsara 14: daga Ibrahim zuwa Dawuda, daga Dawuda zuwa bautar Babila, daga bauta zuwa Almasihu. A Ibrananci kowane harafi yana da lamba, baƙaƙen sunan Dawuda uku kuwa, 4 da 6 da 4, in an haɗa su 14 ne. Matiyu bai ɓoye Yekoniya ba, bai kuma ɓoye matar Uriya ba. Da sunan mijinta ma ya ambace ta. Saƙon da mala'ika Jibra'ilu ya kai wa Maryamu a Nazarat (Luka 1:32-33) kuwa, in an ajiye shi gefen 2 Sama'ila 7, za a ga kayan ɗaya ne: girma, zama Ɗa, gadon sarautar Dawuda, mulki marar matuƙa. Magajin gidan a lokacin masassaƙi ne a wani ƙauyen Galili, wanda bai iya ba da ɗan rago ba ran tsarkakewa sai 'yan tsuntsaye biyu.

Makafi da matalauta ne suka fi saurin gane shi. Bartimawas a bakin hanyar Yariko da wannan suna ya kira shi, ana kwaɓarsa yana ƙara ɗaga murya. Amma Yesu bai bar sunan yadda mutane suka fahimce shi ba. Da suka so naɗa shi sarki ƙarfi da yaji bayan ya ciyar da mutum 5,000, ya janye zuwa dutse shi kaɗai. A Haikali ya tambayi Farisiyawa yadda Almasihu zai zama ɗan Dawuda alhali Dawuda da kansa a Zabura 110 ya kira shi Ubangiji. Ba wanda ya iya amsawa. A gaban Bilatus ya bayyana cewa mulkinsa ba daga wannan duniya yake ba, shi ya sa bayinsa ba su yi yaƙi ba. Rawanin da aka ɗora masa a Urushalima na ƙaya ne, takardar naɗinsa kuma a bisa gicciye aka manna ta.

A nan ya kamata a koma ga sandan. Marubucin Ibraniyawa (1:5) ya ɗauki rabin farko na 2 Sama'ila 7:14, zancen uba da ɗa, ya ɗora wa Yesu, bai ɗauki rabi na biyu ba, gama wannan Ɗa bai yi laifin da za a hore shi ba. Duk da haka a bayansa sandan mutane da bulalar 'yan adam suka sauka. Laifin Dawuda a kan Uriya, da gumakan Sulemanu, da jinin da Manassa ya cika birni da shi, da zunuban waɗanda ba su da ko ɗigon jinin Yahuza, duka aka tara a kan ɗa guda na gidan da bai cancanci duka ba. Ta haka matsalar da ta addabi alkawarin shekara dubu ta warware: yadda Allah mai tsarki zai hukunta zunubin gidan, ya kuma riƙe gidan.

Saura matsala guda, wato mutuwa. Zuriya tana iya daɗewa, amma kowane sarki a cikinta kabari yake ƙarewa. A ranar Fentikos Bitrus ya nuna wa taron abin da kowa a birnin ya sani, cewa Dawuda ya mutu, an binne shi, kabarinsa yana nan tare da su. Ya ce Dawuda annabi ne, ya san rantsuwar da Allah ya yi masa, ya hango tashin Almasihu daga matattu. Mutum wajen 3,000 suka karɓi baftisma a ranar. Bulus ya yi irin wannan wa'azi a majami'ar Antakiya ta Bisidiya, ya haɗa tashin Yesu da tabbatattun albarkun Dawuda na Ishaya 55:3 (Ayyukan Manzanni 13:34). "Har abada" ba ta bukatar jerin magada kuma, tun da an sami Sarkin da mutuwa ba ta da sauran iko a kansa. Wannan ya rufe ƙofa ga duk mai son aron alkawarin ya yafa wa kansa. Shugaban ikkilisiyar da yake shirya wa ɗansa kujera yana kafa hujja da gidan Dawuda, da ɗan siyasar da maroƙan bagade suke kira shafaffe na Ubangiji don kada a tambaye shi lissafi, dukansu suna zaune ne a inuwar gadon da yake da mai shi, mai shi kuwa yana da rai.

Gidan da ɗan zai gina fa? Sulemanu ya gina nasa aka ƙone. Na biyu, wanda Hirudus ya ƙawata, Yahudawa suka ce wa Yesu an yi shekara 46 ana aikinsa, Romawa kuma suka rushe shi a shekara ta 70. Yesu ya yi maganar haikalin da za a rushe ya tā da shi cikin kwana 3, Yahaya ya bayyana cewa jikinsa yake nufi. Bitrus ya kira masu bi rayayyun duwatsu da ake ginawa su zama gida na ruhu. A nan ma'anoni biyun kalmar suka haɗu: gidan da Ɗan Dawuda yake ginawa iyali ne, shi ne kuma Haikali. Ba laifi ba ne ikkilisiya ta gina majami'a mai kyau. Allah ya yaba wa Dawuda saboda niyyarsa (1 Sarakuna 8:18). Amma ikkilisiyar da take taruwa a gindin itace ko a ajin makarantar firamare bayan an kore ta daga garinta, ba ko tubali ɗaya na wannan gida da ta rasa.

Wa ke da wuri a cikinsa? An yi gardamar a Urushalima, a taron da ke cikin Ayyukan Manzanni 15, lokacin da waɗansu suka nace sai an yi wa al'ummai kaciya kafin a karɓe su. Yakubu ne ya yanke maganar, abin da ya kafa hujja da shi kuwa shi ne annabcin Amos a kan bukkar Dawuda: an tā da ita ne domin sauran 'yan adam su nemi Ubangiji. Ta wannan ƙofa Bagiriki da Baroma suka shiga, ta nan kuma Bura da Margi da Birom da Ngas da Bajju da Bachama da Tangale da Bahaushe suka shiga, ba wanda aka tambaya asalin kakansa. Bulus ma ya ɗauki zancen uba da ɗa da aka yi wa magajin Dawuda, ya faɗaɗa shi ya haɗa 'ya'ya maza da mata na ikkilisiyar Koranti (2 Korantiyawa 6:18).

A sura ta ƙarshe ta Littafi Mai Tsarki, Yesu ya kira kansa tushen Dawuda da zuriyarsa, wato wanda Dawuda ya fito daga gare shi, wanda kuma ya fito daga Dawuda. A surar da ke gabanta Yahaya ya ga sabuwar Urushalima tana saukowa, aka auna garunta, ya ƙirga ƙofofinta 12, ya duba cikinta bai ga haikali ba, domin Ubangiji Allah da Ɗan Ragon su ne haikalinta. Da murya ta fito daga kursiyin tana sanar da cewa mazaunin Allah yana tare da mutane, kalmar Helenancin da Yahaya ya rubuta domin mazaunin nan ita ce alfarwa.